Mun Je Kallon Namun Dawa, Muka Kusa Kwana Da Yunwa

A wannan watan na ɗan ajiye maganar tarbiyyar 'yan mata da muka faro, saboda wani abu da ya same ni a hutun makaranta da ya wuce, wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ni kaɗai ba.

Shekara biyu yara suna damun babansu da ya kai su gandun daji su ga namun dawa ido da ido. Shi kuwa ya yi ta tara kuɗi sannu a hankali, har Allah ya nufa. Ga wadda ba ta sani ba, muna da irin waɗannan wurare da dama. Akwai Gashaka-Gumti a tsakanin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane girma a Nijeriya, akwai na Tafkin Kainji, akwai Yankari da aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Maƙwabtanmu ma suna da nasu, irin su W a Nijar da Waza a Kamaru da Mole a Gana. Wanda muka je dai ba zan kama sunansa ba, domin ba tonon asirin kowa ya kawo ni ba. Abin da ya faru nake so ki ji.

Mu shida muka tafi, ni da maigida da yara uku da Hajiya mahaifiyarsa. Ana gobe tafiya Hajiya ta ce mini, "Ke 'yar nan, ba za ki ɗan yi mana dambun nama ba?" Na ce, "Haba Hajiya, ai otal ne, komai akwai. Ki bari ni ma in huta da murhu kwana biyu." Ta yi shiru ba ta ƙara cewa komai ba. To wannan laifina ne na farko, kuma tun da wuri nake amsa shi. Kowace uwargida ta san daɗin a ce yau wani ne zai girka ya kawo mata har gabanta. Kwaɗayin wannan hutun ne ya rufe mini ido.

Mun isa da la'asar sakaliya, a gajiye liƙis. Bayan mun yi sallar magariba muka nufi ɗakin cin abinci. Aka miƙo mana takardar jerin abinci, shafi biyu cif, har da hotuna. Maigida ya ce sakwara, aka ce babu. Hajiya ta ce tuwon shinkafa miyar kuka, babu. Farfesun kifi, ya ƙare. Yara suka ce soyayyen dankali, aka ce sai gobe. Da na gaji na ce wa yaron, "Samari, faɗa mana abin da kuke da shi mana." Ya sosa ƙeya ya ce shinkafa dafa-duka da kaza. Muka ce a kawo faranti shida. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ke nan.

Hajiya tana da ciwon suga, kuma akwai ƙwayar da take sha kafin cin abinci. Da ta ji yaron ya ce "yanzu-yanzu", sai ta haɗiye abarta. Bakwai da rabi ta wuce, takwas ta yi, autana ya yi kuka har barci ya kwashe shi a cinyata. Duk lokacin da yaron ya gifta sai ya ce an kusa. Wajen takwas da rabi na waiga na ga gumi yana tsattsafo wa Hajiya a goshi, alhali ana sanyi, hannunta kuma yana rawa. Na yi mata magana, ta amsa da ƙyar.

'Yar uwa, ki riƙe wannan ko da ba ki riƙe komai a rubutun nan ba. Mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sugan jikinsa yana iya yin ƙasa sosai, kuma alamunsa ke nan: gumi, rawar jiki, jiri, faɗuwar gaba, rikicewar magana. In aka yi sakaci har suma ana yi. Abin da ake yi shi ne a ba shi wani abu mai zaƙi nan take muddin yana iya haɗiya, sannan a bi shi da abinci. Allah ya taimake ni akwai dabino guda biyar a ƙasan jakata, ragowar na azumin nafila. Na ba ta uku, aka samo lemon kwalba ta sha rabi. Cikin kamar rubu'in awa ta dawo hayyacinta. Ki tuna a tsakiyar daji muke, asibiti mafi kusa tafiya ce mai nisa cikin dare.

Nan fa ran maigida ya ɓaci. Ya miƙe zai sauke wa yaron kwandon faɗa, na riƙe masa hannun riga na ce, "Malam, bari in leƙa in gani." Na nemi izini na tsaya a bakin ƙofar kicin. Abin da na tarar ya sanyaya mini jiki. Kuku ɗaya ne tal, dattijo, iskar gas ta ƙare tun rana, ya koma bayan ɗaki ya haɗa murhun itace, ga tebur kusan bakwai suna jiransa. Na ce, "Sannu Baba." Ya ɗago ya ce, "Yauwa 'yata, ku yi haƙuri, wallahi ni kaɗai ne." Na dawo na gaya wa maigida cewa wannan yaron da wancan tsohon ba su ne abokan faɗanmu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai tara da kusan rabi abinci ya iso. Shinkafar ta yi laushi a sama, ƙasa kuma da ɗan tsami-tsami, alamar ta rana ce aka haɗa da sabuwa aka ɗumama. Kazar kuwa waje ya ƙone, ciki da sauran jini a jikin ƙashi. Na hana yara ci. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a fili ba, sai dai a firji ko a kan wuta da zafinsa, kuma shinkafa ta fi kowane abinci yaudara a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a cikinta wadda ɗumame ba ya kashewa. Na roƙi a dafa mana ƙwai da ruwan shayi, muka haɗa da burodin da maigida ya saya a hanya. Da shi muka kwana.

Da daddare na kasa barci ina ta tunani. Ni ce nake koya wa ɗalibaina cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. To ni da nake shirin kai ƙara da safe fa? Da na nutsu sai na ga abu biyu ne daban. Raina ni'imar Allah, a yatsina fuska a ce wannan ma abinci ne, shi ne abin ƙi. Amma wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai ba ka abu, ciniki ne ya shiga tsakaninku, kuma addinin da ya hana kushe abinci shi ne ya hana tauye mudu da ɓoye aibin haja. In na yi shiru, gobe wata za ta zo da tata tsohuwar, wataƙila ita babu dabino a jakarta. Mu mata muna da wata kunya da ke cutar da mu. Za a kawo mana abin da ba mu nema ba, mu biya, mu yi godiya, sai mun shiga mota mu fara mita. Mitar mota ba ta taɓa gyara kicin ɗin kowa ba.

Da safe muka fita zagayen daji tun da sanyi, domin dabbobi da sassafe da yamma suke fitowa, rana in ta take sai su shige inuwa. Mun ga ɓauna da gwanki da garken birai, yara kamar su yi tsalle daga mota don murna. Wannan kam kuɗinmu ya biya, ban da abin cewa.

Da muka dawo, ni da maigida muka nemi manaja, muka keɓe da shi a ofishinsa ba a gaban ma'aikatansa ba. Maigida ya zayyana masa komai da lokacinsa, ba zagi ba ɗaga murya. Muka nuna masa rasit, inda aka rubuta mana faranti shida na abincin da aka mayar ba a taɓa huɗu daga ciki ba. Ya kawo uzurinsa, kuma wasu na gaskiya ne. Kasuwa tana da nisa, wuta sai janareta na 'yan awoyi, don haka ba a iya tara nama da kifi. Baƙi kuma da rani suke cika, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke taruwa a bakin ruwa, da damina sai wurin ya zama kamar an yi shara. Na ce masa duk na yarda, amma ba a buƙatar janareta kafin a gaya wa baƙo gaskiya. Da yaron ya ce mana abinci sai nan da awa biyu, da Hajiya ba ta sha maganinta ba. Da an cire takardar nan mai shafi biyu an rubuta abu uku da ake da su a allo, da ba wanda zai ji an yaudare shi. Ni a ganina ainihin ciwon shi ne sun san babu wani wurin cin abinci sai nasu, ko ka so ko ka ƙi nan za ka dawo. Ya soke kuɗin faranti huɗun, ya ba Hajiya haƙuri da bakinsa. Ko ya gyara bayan tafiyarmu, Allah masani.

In kuna shirin irin wannan tafiya, kada labarina ya hana ku, ku je yara su ga ikon Allah. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi dambun nama ko ki sayi kilishi, ki soya cincin, ki ɗauki garin rogo da ƙuli-ƙuli da suga, da garin kunu in akwai ƙaramin yaro, da filas da ruwan sha mai yawa. Kada ki bar ledar abinci a fili ko taga a buɗe, birai ba su da kunya. Da kun sauka, tun kafin a kai kaya ɗaki, maigida ya je ya tambayi abin da ake da shi a ranar ya sa a ɗora, ya kuma tambayi inda suke samo nama da wanda ya yanka, ba abin kunya ba ne. Mai shan maganin suga kuwa ya jira sai ya ga faranti a gabansa.

A hanyarmu ta dawowa muka tsaya a wata kasuwar ƙauye, wata mata tana tuya a gindin bishiya. Muka sayi waina da miyar taushe da zafinta, mu shida muka ci muka ƙoshi da kuɗin da bai kai na faranti ɗaya a otal ba. Hajiya ta suɗe hannu, ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "'Yar nan, kin huta da murhun?" Maigida ya yi ta dariya har da buga sitiyari.

Wata mai kamawa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar 'yan matanmu daga inda muka tsaya.