A Riƙa Koya Wa Shugabannin Ƙungiyoyi Riƙon Jama'a

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci a kan ƙungiyoyinmu na manoma da 'yan tireda.

Kowace gwamnati ta zo sai ta ce a kafa ƙungiya kafin a ba da taki ko rance. Haka aka yi lokacin shirin Fadama, haka kuma aka yi da rancen Babban Banki na noman shinkafa wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a 2015. Aka yi ta haɗa sunaye, aka naɗa ciyaman da sakatare da ma'aji. Kuɗi suka fito, da yawa ba su koma ba. An ce wai manoma sun ɗauki rancen rabonsu ne daga gwamnati. Akwai masu haka, ban musa ba. Amma wa ya taɓa zaunar da ciyaman ɗin nan ya koya masa riƙon jama'a?

Mu a tamu ƙungiyar mu 25 ne. Shugabanmu mutumin kirki ne wallahi, sai dai kuɗin ƙungiya da nasa aljihu ɗaya suke kwana, ba littafi, in ka yi tambaya ya ce ka raina shi. Saura ƙiris mu watse, har wasu surukai suka daina gaisawa. Wani malamin gona da ya yi ritaya Allah ya turo mana. Duk sati biyu sai ya zo a babur ya zauna da mu a gindin darbejiya. Ba lacca yake mana ba, tambaya yake yi: buhu nawa aka karɓo, wa ya gani, yaushe za a biya? Shi kuwa shugaba, gefe yake jan sa ya yi masa gyara, bai taɓa kunyata shi a gabanmu ba. Yanzu kowane zama sakatare yana karanta lissafi kowa ya ji, ma'aji kuma ba ya fitar da ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu.

Taron bita na kwana ɗaya a otal, a ci shinkafa a raba kuɗin mota, ba zai yi wannan aikin ba. Ina kira ga hukumomin aikin gona irin su KNARDA da su ware wa kowace ƙungiya malami guda, ya riƙa zuwa tun daga shuka har girbi, a kuma ba shi kuɗin man babur.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Bunkure, Jihar Kano.