Tsaunin Mambila: A Je da Ido, a Je da Kunne

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare a nan Bauchi wane wuri ne ya fi ko'ina tudu a Nijeriya, sau da yawa sai ya ce Jos. Yana da hujjarsa, domin Jos ce muke haurawa daga nan mu ji sanyi ya ratsa mu. Amma Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 ne daga doron teku, alhali tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba ya kai kimanin mita 1,600. A kusa da shi kuma, daf da iyakar Kamaru, akwai ƙololuwar Chappal Waddi mai mita 2,419, wadda babu tudun da ya kai ta a duk faɗin ƙasar nan. Yawancinmu ba mu san Mambila ba sai a rediyo, ko dai ana maganar tashar lantarkin da aka shafe shekaru da dama ana alkawarin ginawa, ko kuwa ana ba da labarin rikici.

Ra'ayina, ya ku ɗalibai, shi ne ya kamata duk makarantar da ke da hali ta kai ɗalibanta wannan yanki ko da sau ɗaya kafin su kammala karatu. Ina kuma ganin yadda za a je ya kai zuwan muhimmanci. Wanda ya je ya ɗauki hoto ya dawo, ƙasa kawai ya gani. Wanda ya je ya yi gaisuwa, ya yi tambaya, ya saurari amsa, shi ne ya san wurin.

Bari mu fara da hanyar, domin ita kanta darasi ce. Daga Bauchi za ku nufi Gombe, ku wuce Kaltungo, ku haye Kogin Binuwai a Numan, ku isa Jalingo. Mai hankali a nan yake kwana. Washegari sai ku bi ta Bali zuwa Serti, inda zafi yake kamar na gida ko ma ya fi. Daga Mayo Selbe ne mota take fara hawa, hanya tana lanƙwasa kamar maciji, dutse a gefe guda, rami mai zurfi a ɗaya gefen. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, kuma ana cewa ya samo sunan ne daga ladan sule biyu da sisi da ake biyan 'yan dako a zamanin Turawa. Ku da kuke koyon Hausa, ga tarihin kuɗi da na wahalar talaka a cikin kalmomi uku. Da kun kai sama, sai daji ya ƙare, ku ga tuddai marasa iyaka lulluɓe da ciyawa, da garkunan shanu, da layukan itatuwan turare. Daga nan sai Maisamari, sai Nguroje, sai Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna.

Abin da kuka karanta a darasin labarin ƙasa, a nan za ku ji shi a jikinku. Malaminku ya gaya muku cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Birnin Bauchi yana kan kimanin mita 600, saboda haka Mambila ta ɗara shi da mita 1,000 ke nan. Shi ya sa da wuya zafin rana a can ya wuce digiri 25, kuma da dare sai da bargo. Ruwan sama ya fi na Bauchi yawa ƙwarai, damina kuma ta fi tamu tsawo. Sanyin da ruwan su ne suka ba da damar noman ganyen shayi a Kakara, da gahawa, da ayaba, da fiya, da dankalin Turawa. Sanyin ne kuma ya hana ƙudan tsando zama a saman tsaunin, shi ya sa shanu suke ƙiba a can. Ɗalibin da ya ga yadda tudu ya jawo sanyi, sanyi ya kori ƙuda, rashin ƙuda ya tara shanu, ba zai ƙara buƙatar haddace wannan darasi ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce gani ya kori ji.

Masu son kasada ma ba za su rasa abin yi ba. A gindin tsaunin akwai gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ake samun manyan biran nan da Turawa ke kira cimfanzi, kuma ta cikinsa ake bi a ƙafa, tafiyar kwanaki, a hau Chappal Waddi. A saman tsaunin kuwa akwai kurmin Ngel Nyaki, ragowar irin dajin da ke tsirowa a kan tuddai masu sanyi, inda masana daga jami'o'in gida da na waje suke nazarin itatuwa da tsuntsaye. Daga waɗannan tuddai ne koguna irin su Donga da Taraba suke gangarowa su zuba a Binuwai. Duk wanda ya ƙone dajin can, ya taɓa ruwan shan mutanen da ba su taɓa ganin tsaunin ba.

To, amma babban dalilina ya shafi mutanen wurin ne. Wannan yanki bai kasance cikin Nijeriya ba ranar da ta sami 'yancin kai a 1960. Da farko yana ƙarƙashin mulkin Jamus ne, a matsayin wani sashe na Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka danƙa shi ga Ingila riƙon amana. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, inda kimanin kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe a Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi shiga Nijeriya. Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya zama lardi a Jihar Arewa, aka kuma sa masa suna Lardin Sardauna, don girmama Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Daga 1967 zuwa 1976, mu da su jiha ɗaya muke, wato Jihar Arewa maso Gabas. Daga baya suka shiga Gongola, sannan Taraba a 1991. Ku lura da wannan: yawancinmu mun tashi ne muka tarar da kanmu 'yan Nijeriya, amma mutanen wannan lardi ta hanyar ƙuri'a suka shigo. Abin kunya ne a ce 'yan'uwan da suka shigo ta wannan hanya, har yau ba mu san ko sunayen garuruwansu ba.

A saman tsaunin akwai Mambilawa, da Fulani, da Kaka, da Panso, da Kambu, da kuma Hausawa 'yan kasuwa. Harshen Mambila yana da karuruwa masu yawa, har mutumin wani ƙauye yakan sha wuya kafin ya fahimci na wani. Fulatanci ne ya fi haɗa jama'a, Hausa kuma tana aiki a kasuwa da tasha. Masana harsuna irin su Joseph Greenberg sun nuna cewa daga wannan shiyya ta iyakar Nijeriya da Kamaru ne harsunan Bantu suka bazu zuwa tsakiya da gabas da kudancin Afirka, kuma harshen Mambila dangin waɗannan harsuna ne na nesa. Wato tsohuwar da za ta sayar muku da ayaba a Gembu tana magana da harshen da ke da zumunci da Suwahili da Zulu.

A nan ne Hausar da kuke koyo za ta yi muku rana. Da ita za ku yi cinikin mota a Jalingo, ku tambayi hanya a Serti, ku nemi masauki a Gembu. Za ku tarar cewa da yawa daga masu amsa muku su ma koyonta suka yi kamar ku, don haka ba wanda zai yi muku dariya idan kun ce "ta" a inda ya kamata ku ce "ya". Sai dai ina yi muku gargaɗi: kada Hausar ta sa ku ɗauka cewa kun gama da harshen wurin. Ku koyi gaisuwa ko da guda ɗaya ce a bakin masu gida. Bafulatani zai ji daɗi idan kuka ce masa "A waali jam?" da safe, kuka ce "Useko" idan ya yi muku alheri. Ku tambayi ma'anar sunayen wurare. Za a gaya muku, alal misali, cewa "mayo" da ke cikin Mayo Selbe kogi ke nan da Fulatanci. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai wata ɗabi'a da wayar hannu ta kawo wadda nake so ku guje mata. Matafiyi yakan ga mace ɗauke da itace a kan hawa, ko yaro yana bin shanu cikin hazo, sai ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto ba sallama, ya sa a Facebook. Ku tambayi kanku: da wani baƙo ya tsaya a ƙofar gidanku ya ɗauki mahaifiyarku hoto tana daka, ba tare da ya ce mata sannu ba, yaya za ku ji? Ladabin da aka koya muku a gida shi ne dai ake bukata a kan dutse. A fara gaida mai gari. A nemi izini kafin a ɗauki hoto, kafin a shiga gona, kafin a kusanci wurin da mutane suke girmamawa. A ɗauki ɗan jagora daga cikin 'yan garin, a biya shi hakkinsa, domin da ɗan gari akan ci gari. A sayi abinci da tsaraba a hannun masu nomawa, don kuɗin ziyarar ya tsaya a inda aka yi ta. Leda da robar ruwa kuma a dawo da su a jaka.

Na san akwai masu cewa wannan shawara ba ta dace da halin da ake ciki ba, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, tsaro. Gaskiya ne an yi mummunan rikici a Mambila a 2002 da kuma 2017, an rasa rayuka da dukiya, kuma gaskiya ne hanyoyinmu da dama ba su da aminci. Babu shugaban makarantar da ya kamata ya ɗebi 'ya'yan mutane ya kama hanya ba tare da ya tuntuɓi hukuma da mutanen wurin ba, kuma idan an ce a dakata, sai a dakata. Tafiya ta zama da rana, cikin ayari, da mota mai lafiyayyen birki, a lokacin rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Amma ku duba tushen rikicin: ƙasa ce mai albarka wadda manomi yake so, makiyayi ma yake so, jama'a da dabbobi suna ƙaruwa, ita kuwa ba ta ƙaruwa. Wannan matsala ce da ke jiran ku a jihohi da yawa idan kun girma kun riƙe muƙamai. Wanda ya zauna da manomi ya ji ta bakinsa, ya zauna da makiyayi ya ji ta bakinsa, zai yi wuya a ruɗe shi da labarin ɓangare ɗaya.

Na biyu, kuɗi. Tafiyar kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, ba ƙaramin abu ba ne ga iyayen da ke fama da kuɗin makaranta. Amsata ita ce a fara da na kusa. Birnin Bauchi kansa duwatsu ne suka kewaye shi. Ga Dutsen Zaranda a kan hanyar Jos, ga Dutsen Mbula da ke tsaye a kan garin Dass, ga zanen mutanen da a jikin dutse a Geji cikin Ƙaramar Hukumar Toro. Ga kuma duwatsun Ningi, inda Malam Hamza da jama'arsa suka yi hijira daga Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840, suka haɗa kai da mazauna duwatsun, har suka gagari sarakunan Kano da Bauchi shekaru masu yawa. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya. Ajin da ya koyi gaida mai gari a Dass, ya koyi tambaya da rubuta amsa, ya shirya wa doguwar tafiya. Kuɗin Mambila kuwa ana iya tara shi kaɗan-kaɗan tun daga aji huɗu, a tafi a aji shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, akwai masu cewa tunda ana ganin komai a intanet, me ya rage? Abin da ya rage shi ne duk abin da hoto ba ya ɗauka: numfashin da ke yi wa mutum wuya a kan hawa, da nisan asibiti daga ƙauyen da ke bayan tudu, da abin da direba zai gaya muku game da hanyar idan damina ta sauka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Saboda haka, ku ɗauki wannan magana ku kai wa malamin Hausa da na labarin ƙasa da na tarihi a makarantarku, ku roƙe su su haɗa kai su tsara ziyara, ko ta kusa ko ta nesa. Idan ranar ta zo, kowa ya riƙe rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi da littafin rubutu. A cikin littafin nan ku rubuta sababbin kalmomi goma da kuka ji, da sunan wanda ya koya muku kowace, da tambaya ɗaya wadda ba ku sami amsarta ba. Wannan tambayar ce za ta mayar da ku can wata rana, kuma idan kun koma, za ku tarar da wanda zai tuna sunanku ya yi muku maraba.