Motar Alfarma Mai Batir da Hanyar Damargu: Lissafin Takarda Daban, na Hanya Daban

A shekarun nan masu ƙera motoci na ƙasashen Turai sun fito da wasu manyan motoci kat-kat na alfarma masu ƙarfi biyu: inji mai shan esansi, wato fetur, da kuma batir babba wanda ake cikawa da wutar lantarki daga bango. Masu sayarwa suna yabon su da cewa ga gudu, ga ƙarfi, ga tsimin mai. Maganar tana da daɗin ji. Amma ya kamata duk wanda aka ɗora wa amanar dukiyar jama'a ya auna ta da mudun hanyar da motar za ta bi kafin ya gaskata.

Misali ɗaya ya isa. A ƙarshen shekara ta 2022 kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da mota mai suna XM. Ƙarfinta ya kai na doki 653, nauyinta kuwa wajen kilo 2.700. A takardar awon Turai an rubuta cewa ba ta shan lita 2 cikin kilomita 100. Amma hukumar Amurka mai kula da muhalli ta raba awonta kashi biyu. Ta ce batir shi kaɗai yana kai motar wajen kilomita 50, in ya ƙare kuma injin yana shan kusan lita 17 cikin kilomita 100. Mota ɗaya ce, lissafi biyu. Gaskiyar Hausawa da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Awon Turai yana ɗauka cewa mai motar yana cika batir kullum, kuma yawancin tafiyarsa gajera ce cikin gari. Ko a can Turai ɗin ma abin bai tabbata haka ba. A watan Maris na 2024 hukumar zartaswa ta Tarayyar Turai ta bayyana abin da aka samu daga na'urorin awo na cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021. An tarar hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa bisa hanya, wanda yake tafiya daidai da man da suke sha, ya ninka na takarda sau uku da rabi. Wannan fa a ƙasashen da wuta ba ta yankewa ke nan, hanya kuma shimfiɗaɗɗiya.

To, sai a kawo motar Damargu a gani. Daga Damagaram zuwa Tanut wajen kilomita 150 ne. In ta tashi da batir cike, wuta za ta kai ta kilomita 50, sauran 100 kuma ta sha lita 17. In ba ta sami wurin cika batir a Tanut ba, komawa gida lita 25 ce. Jimla lita 42 ke nan. Bisa farashin da gwamnati ta tsaida a watan Yuli na 2024, wato tamma 499 kowace lita, kuɗin ya kusa jika 21, alhali kuwa lissafin takarda bai kai jika 3 ba. Wannan ma bisa babbar hanya ce. Wanda ya ratse yamma zuwa ƙauyukan Belbeji da ƙasar Tarka, ko arewa wajen Tenhiya inda makiyaya suke, rairayi zai shiga. Cikin rairayi kuwa nauyi abokin gaba ne, kuma batir wanda ya ƙare ya zama kayan banza da injin yake ja.

Akwai mai cewa ai sai a cika batir ɗin a can. Nan ma akwai lissafi. Daga makunnin gida na kullum, cika shi yana ɗaukar fiye da awa 10. Wutar da yake ci kuwa ta isa ta kunna ƙwai 100 masu wat 10 har kwana ɗaya cur. In da injin gazuwal aka samo ta, ba za a rasa ƙona lita 7 ba. Ashe man da aka ce an tsimi a tankin mota an zuba shi ne a tankin injin wuta. Kuma jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai cikin 2024.

Kada kuma a ce tun da mai na gida ne, tsiminsa bai zama dole ba. Gaskiya ne matatar SORAZ, wadda aka buɗe ran 28 ga Nuwamba 2011, tana cikin gundumar Tanut, a ƙasar Ollelewa, kuma an gina ta domin ta tace ganga 20.000 ta man Agadem kowace rana. Duk da haka, bayan Najeriya ta janye rangwamen fetur a watan Mayu na 2023, man da ake shigowa da shi ta bayan fage ya ragu, nauyi ya komo kan matatar, har aka ga dogayen layuka a gidajen mai cikin watan Maris na 2025. Kowace lita da motar alfarma ta ƙone a banza, lita ce da motar ɗaukar marasa lafiya ta rasa, ko injin jawo ruwa, ko motar kai gero kasuwa.

Wannan ba ƙin ci gaba ba ne. Dabarar haɗa inji da batir dabara ce mai kyau in an sa ta inda ta dace. Ma'aikaci a Yamai wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 30 a yini, yana kuma cika batir kowane dare, zai iya kwanaki bai je gidan mai ba, balle in motar ƙarama ce marar nauyi. Damargu ma Allah ya hore mata rana wadda ba ta ƙarewa. Sai dai kome da matakinsa: faifan hasken rana ya fara zuwa kan rijiya da gidan likita da makaranta, mota ta biyo baya.

Saboda haka, kafin hukuma ko wata ƙungiyar ayyukan raya karkara ta sa hannu bisa takardar sayen mota, ya cancanta ta yi wa mai sayarwa tambaya uku. Lita nawa take sha in batir ya ƙare? A ina za a cika shi tsakanin Damagaram da Agadas? Wane makaniki ne a jihar ya iya gyaranta, kuma ina kayan gyaran? Bayan an saya kuma, direba ya riƙa rubuta kilomita da lita cikin littafin mota, shugaban ma'aikata ya duba shi kowane wata, a haɗa tafiye-tafiyen aiki wuri ɗaya, a kula da iskar taya, a rage gudu.

Mutanen Damargu na da, masu ayarin raƙuma, ba su auna dabba da kyawun sirdinta ba, sai da kwanakin da take yi ba ta sha ruwa ba. Wannan mudu har yanzu bai tsufa ba. Da shi ya kamata a auna mota.