In an kulle ɗan jarida a Yamai, mu ake toshe wa kunne a Bonkuku



Duk ranar da aka ce an kama ɗan jarida, sai ka ji wasu a majalisa na cewa: "Ina ruwanmu? Rigimar ƴan boko ce." To, mu dai mun ce da ruwanmu.

Ku tuna 2005. Fari da fara sun cinye amfanin gonar 2004, rumbuna suka ƙare, amma shugaba Tandja ya kafe cewa babu yunwa a Nijar. Sai da ƴan jarida suka nuna wa duniya yaran Maraɗi sannan agaji ya taso gadan-gadan.

Ku tuna Inates, Disamban 2019, soji 71 suka kwanta dama. Shinagodar, Janairun 2020, soji 89. Duk a nan jiharmu ta Tillaberi. A shekarar ce bincike a ma'aikatar tsaro ya nuna miliyar 76 na sefa sun salwanta wajen sayen kayan yaƙi. Samira Sabou ta yi rubutu a kai a Facebook, ɗan shugaba Issoufou ya kai ƙara, ta yi kwana 48 a gidan kaso kafin kotu ta sallame ta. Kuɗin bindigar da za ta tsare hanyar kasuwarmu ta tambaya. Yanzu wa zai ce babu ruwanmu?

Kuma abin bai tsaya kan gwamnati guda ba. Zamanin Tandja, Moussa Kaka na rediyo Sarauniya ya shiga kaso daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008. Zamanin Bazoum, a Janairun 2022, an yanke wa Samira da Moussa Aksar ɗaurin talala. Zamanin CNSP, an ɗauke Samira daga gida ranar 30 ga Satumban 2023, an tsare Idrissa Soumana Maïga na jaridar L'Enquêteur a Afrilun 2024, ga ƴan Sahara FM ta Agadez da aka kama a Mayun 2025. Kowane lokaci akwai masu tafi, har ranar da mulki ya juya ya zo kan nasu.

Abin takaici, Nijar ta taɓa zama abin koyi. A 2010 aka soke ɗaurin ɗan jarida kan aikinsa. Amma a Yunin 2024 an maido da ɗauri kan rubutun intanet. Wannan doka ba ta san katin jarida ba. Kai mai tura saƙo a WhatsApp kan tsadar taki ko faɗuwar farashin dankalin turawa, tana iya hawa kanka.

Wasu za su ce ƙasa na cikin yaƙi, kuma akwai ƴan jarida maƙaryata da masu yi wa Faransa aiki. Ba mu ce mala'iku ne ba. Wanda ya yi ƙarya a ƙaryata shi da hujja, a ci shi tara a gaban alƙali. Amma in an rufe bakin masu sa suna a ƙasan labarinsu, fili ya zama na jita-jitar da ba ta da uba, ita kuwa ta fi cutar da soja.

Ko a waje haka ne. Norbert Zongo da aka ƙone cikin mota a Burkina a 1998, Dele Giwa da bam ya kashe a Legas a 1986, Shireen Abu Akleh da aka harbe a Jenin ta Falasɗinu a 2022: tambaya suka yi. In mun yi kukan Shireen, kada mu yi gum kan na gida.

Roƙonmu ga mahukunta: a saki duk wanda ke tsare don magana ko rubutu, a gyara dokar 2024. Ku kuma masu saurare, ku tantance labari kafin ku tura, ku daina murnar kamun kowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Muna jiran ra'ayoyinku.