Kira Ga Masu Dawaki A Birnin Zazzau

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga masu dawaki na birnin Zazzau tun Sallah ba ta ƙaraso ba.

Ni dai ba ni da doki. Manomi ne ni, ina taɓa 'yar tireda, da kaka kuma nakan kai harawa barga-barga daga Ƙofar Doka har Kwarbai. Bara ran hawan Daushe wani ingarma akawal ya ji ƙarar bindiga ya ƙwace wa mahayinsa, ya afko lungun da na kasa kaya, ya tattake tebur, ya harbi yarona ɗan shekara 9 a cinya. Wata biyu muna zarya wajen mai ɗori. Alhamdu lillahi yanzu yana takawa. Mai dokin ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin magani, ba ni da ƙorafi a kansa. Amma da na tambaye shi asalin dokin, sai ya ce sati uku da suka wuce ya saye shi hannun dillali, wai daga Nijar aka kawo shi. Uwarsa fa? Bai sani ba. Ubansa fa? Oho.

To Malam Edita, a nan gizo ke saƙar. Mu manoma idan za mu ajiye irin dawa, zangarniyar da muka ga yadda ta yi a gona muke warewa. Ko ragon layya sai an duba haƙora. Amma dabbar da za a hau a kutsa da ita cikin dubban jama'a, mata da yara, ga kakaki ga tambari ga bindiga, abin da ake tambaya kawai shi ne launi da tsayi. Kili ne ko akawal? Zai ɗauki kwalliya? Shi ke nan an yi ciniki. Alhali duk tsohon barga ya san hali gado ne. Goɗiya mai firgita da wuya ta haifi dukushi mai natsuwa, domin ban da jini, a gindinta yake tashi yana kwaikwayon ta.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne samarin unguwarmu da suke ta nuna wa juna a waya wani baƙin doki mai dogon gashi da ake kira Firiziyan, suna cewa ina ma a kawo mana irinsa. Sai na tambayi wani ɗan 'yar'uwata da ke karatun likitan dabbobi a Samaru. Ya ce dokin na lardin Firisland ne a ƙasar Holan, can inda asalin shanun madarar nan da ake haɗawa da bunaji a Shika yake. Tun 1879 mutanen suka buɗe littafi suna rubuta kowane doki da uwarsa da ubansa. A 1913 ingarmu uku kacal suka rage musu, amma da wannan littafi suka farfaɗo da irin. Ba a barin ingarma ya yi barbara sai ya ci jarrabawa ta kusan sati goma, ana duba tafiyarsa da yadda yake karɓar horo da halinsa a barga. Bayan 'yan shekaru a zo a duba 'ya'yansa, in ba su yi kyau ba a soke shi. Ya kuma gaya mini inda suka yi tuntuɓe: da yake duk daga 'yan ingarmu kaɗan suka fito, jini ya yi kusa, har ana haifar wadanni da masu ruwa a kai, sai da suka koma yin gwaji kafin a haɗa.

Ni ban ce a kawo mana shi ba. Dokin ƙasar sanyi, da wannan uban gashi, ya tsaya a filin fada cikin zafin bazara? Wallahi tausayi zai ba ka. Namu na Arewa da na Barno sun san rana, sun san ƙishi, sun saba da harawa da kanwa. Littafin nan da jarrabawar nan su nake kwaɗayi.

Na san za a ce mini a birni ba a hawan goɗiya, ciyar da ita kuma asara ce. Gaskiya ne, wata 11 take ɗauke da ciki, dukushin kuma sai ya kai kamar shekara 3 kafin a ɗora masa sirdi, ga tsadar dawa. Amma ai hakimanmu da attajirai suna da gonaki a Soba da Giwa da Maƙarfi. In kowane babban gida ya ajiye goɗiya biyu a ƙauye, aka riƙa kai musu ingarman da aka shaida natsuwarsa a hawa uku ko huɗu, cikin shekara goma za mu san abin da muke hawa. Kuɗin kayan ado na doki guda ma ya isa a fara.

Ba kuma duka laifin jini ba ne. Na sha ganin dokin da ke ɗaure a turke wata da watanni, ana ɗura masa dawa, ba kilisa, sai ana jibi Sallah a kwance shi a danna masa linzami mai kaifi. Ko ɗan wace goɗiya ce sai ya yi tutsu.

Saboda haka ina roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, da ya sa a buɗe littafi a fada inda za a rubuta duk dokin da zai shiga hawa, da mai shi, da inda ya fito. Sabon doki kuma kada ya shiga taro sai an gwada shi da ganga da bindiga a bayan ganuwa, gaban dattawan barga da likitocin Samaru. Su kuma 'yan'uwana masu kasa kaya, mu daina tsayar da yara a bakin lungun da ba shi da mafita. Wannan kam nawa laifin ne.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi, cikin birnin Zariya.