RA'AYINMU: Kada Neman Ɗumi Ya Zama Ajali

Duk shekara idan hunturu ya kama, mazauna bakin Madatsar Ruwa ta Goronyo sun san irin ɗarin da ke tasowa daga kogin Rima da asuba. Masunta da masu noman rani a fadamun Wurno da Rabah su ne suka fi jin jiki. Abin da aka saba kuwa shi ne a cika kasko da garwashin gawayi, a shigar da shi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa a kwanta.

'Yan'uwa, wannan al'ada tana kisa. Gawayin da ke ci inda iska ba ta wadata ba yakan fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da ke raya mu sau 200 da ɗoriya. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, amma mai barci sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Hayaƙin janareta ma haka yake.

Abin takaici, ɗumin da ake sayar da rai dominsa ba ya zama. Zafi sama yake tashi, rufin kwano mara silin kuwa yakan zubar da shi waje cikin dare. Soron ƙasa na iyayenmu ya fi dabara: katangarsa mai kauri tana shan rana, ta saki ɗumi da dare.

A Turai akwai na'urar da ke karɓe ɗumin iskar da ke fita daga gida, ta ba sabuwar da ke shigowa. Ba mu da kuɗinta, ba mu da tsayayyen lantarki, amma darasinta namu ne: ana iya riƙe ɗumi ba tare da an hana ɗaki numfashi ba.

Saboda haka a sa silin, ko na zana ne. A ɗumama ɗaki taga na buɗe, a fitar da kasko kafin barci, a ƙara wa yara bargo. Janareta ya tsaya a fili, nesa da taga. Wanda aka samu a sume, a fito da shi waje, a garzaya asibiti.

Muna roƙon fastoci da shugabannin zumuntar mata su sanar da wannan ran Lahadi, kowa kuma ya gaya wa maƙwabcinsa. Guba ba ta tambayar gidan wa ta shiga.