SIM biyu a aljihu ba su isa ba

1/ Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Mu a Sakkwato mun iya ajiye abu bibbiyu: SIM biyu, POS biyu, janareta don ranar da aka ɗauke wuta. Amma muna ɗauka da abu ya zama biyu shike nan. Wallahi ba haka ba ne.

2/ Lokacin da nake aikin kammala digiri, na kwafe shi a filas biyu ina ta jin kaina. Ashe fayil ɗin ya lalace tun a kwamfuta kafin in kwafa. Saura kwana huɗu in miƙa, na buɗe na farko bai buɗu ba, na biyu ma haka. Babi biyu na sake bugawa daga takarda.

3/ Masu haɗa kwamfuta suna da hanya biyu. Ta farko ita ce madadi: idan wannan ya mutu, wancan ya karɓa. Ta biyu ita ce a ƙara ɗan bayani a jikin saƙo, yadda na'ura za ta gane an yi kuskure, wani lokaci ma ta gyara da kanta.

4/ Ta biyun tana aljihunka yanzu haka. Lambar akawun ɗinka mai lamba 10, ta ƙarshen lissafo ta aka yi daga sauran taran da lambar bankin, don a kama kuskuren yatsa. Shi kuwa QR, akwai wanda ko kusan kashi 30 cikin ɗari ya goge, waya za ta karanta shi.

5/ Richard Hamming ne ya buɗe wannan fagen a 1950 a Amurka. Haushi ya ji: kwamfuta ta ga kuskure sai ta watsar da aikinsa. Ya ce tunda tana iya gani, ai a koya mata gyarawa.

6/ To amma gyaran kuskure ba ya ɗinke wayar da ta tsinke. Kun tuna 14 ga Maris 2024? Wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa rana ɗaya. Manhajojin banki suka riƙa juyi. Huɗu ne fa, amma hanya ɗaya suka bi.

7/ Mu ma a gida haka ne. Layukanka biyu suna iya rataye a turke ɗaya. A gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021, Allah ya mayar da alheri, littafin bashi da kwafinsa in a shago ɗaya suke, wuta ba za ta zaɓa ba.

8/ Ra'ayina: madadi mun iya shi, dubawa ce muka raina, kuma ita ta fi arha. Kwafin da ba ka taɓa buɗewa ba, fata kawai kake yi yana nan.

9/ Ɗalibi, mai POS, mai shago: ka buɗe kwafinka ka gani da idonka, ka ajiye ɗaya nesa da ɗaya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa dai ya riga ya kama. Yaushe rabonka da buɗe filas ɗinka?